Kujera ta Sha Tara

Ni ke jona wayoyi a zauren majalisa,
ni ke kunna allon bango kafin a shigo da sanda.
Tun da aka ce ana iya halartar zama daga nesa
kujeru suka shiga hutu.
Baba Maikano na goge su kowace safiya,
yana cewa: kujerar da ba a zama, ita ma tsufa take.

Na san kowa da abin da ke bayan ƙeyarsa.
Wannan labulen otal ne,
wancan cikin mota yake, ga bel a kafaɗa,
wani hula da babbar riga daga sama,
daga ƙugu zuwa ƙasa kuwa, Allah masani.
A kira suna, a ce, "Ina nan."
Ina ne nan?
Ba ya cikin abin da ake tambaya.

Wata Talata, tsakiyar damina,
Honarabul Tanimu Barau, mai kujera ta sha tara,
ya je ta'aziyya ƙauyensu, can bayan Daura.
Ruwa ya kwana yana zuba,
rafi ya haɗiye kwalbatin da ya tako ya shiga.
Shekara uku gyaransa na cikin kasafi,
a takarda ko giwa ta bi ta kai ba ya motsi.

Garin nan sabis bai sauka
sai kan tudun da ke bayan firamare.
Can ya hau, takalmi a hagu, waya a dama,
sai ga shi ya cika mana bango:
"Mai girma Kakaki, ina nan."
Ranar ce kaɗai na yarda.

Yaro ya fara leƙowa ta bayan kafaɗarsa,
sai mai garma, sai mai tallar dafaffiyar gyaɗa,
kai bisa kai, kamar tulunan kasuwa.
Wata tsohuwa ta kutso, ashe ungozoma ce, Tabawa.
"Nan ne inda kuke zaman? Karkato in gaishe su."
Ya kai yatsa zai kashe murya,
yatsan duk laka, gilashi ya ƙi jin magana.

Ta ce, "Sannunku da inuwa.
Jiya a amalanke muka kai Dije bakin ruwa,
naƙuda tun la'asar.
Asibiti na tsallake, muna kallon fitilarsa.
Nan ta sauka, buhun taki ne rufinmu.
Yaron ya yi kuka.
Uwar har yanzu ba ta ce komai ba.
Wa ke rubutu a cikinku? Ya rubuta."

Akawu ya harare ni, ya ja yatsa a maƙogwaro.
Ƙa'ida ta ce baƙo ba ya magana a zaure,
madannin kuma na ƙarƙashin tafina.
Na sunkuya ƙasan tebur
ina neman wata waya da ba ta ɓata ba.

Sabis ne ya yanke hukunci da kansa.
Hoto ya daskare:
kunnen Honarabul da gefen hula,
fuskar Tabawa cif, baki buɗe,
bayanta jan ruwa ya miƙe har ƙarshen allo.
Minti huɗu tana kallonsu.
Ko tari ba a yi ba,
sai sanyin na'ura da ke ta hurawa.

Guduma ta sauka, aka wuce batu na gaba.
A kundin zama an rubuta:
"An samu tangarɗar sadarwa."

Tun daga ranar Honarabul bai sake fashi ba,
shi ke riga kowa zama, da jikinsa,
wayar na can ƙuryar aljihu.
Kwalbati, an ce, yana kasafin baɗi.
Dije ban san labarinta ba,
ban da lambar kowa a garin.

Jiya muna rufe zaure Baba Maikano ya tsaya,
tsumma a hannu, yana duban baƙin allo.
Ya ce, "Yaro, waccan 'yar majalisar ta rannan,
yaushe za ta sake zama?"